Sandunan Fahad da Kujerar Nadiya

Asabar, 1 ga Muharram 1420, bayan La'asar

Na dawo daga makaranta na tarar da motar Fahad a ƙofar gida. Ba Alhamis ba, ba Juma'a ba, ranar aiki. Ƙanena da ke aiki a wani kamfani a Yanbu, wanda sai ya ga dama yake leƙo unguwarmu ta Ƙurban a Madina, yau ga shi zaune a majalisin marigayi Baba, ɗakin baƙinsa, da takalmi a ƙafa, 'yarsa Nadiya tana barci a cinyarsa.

Na ce, "Ina matarka? Ina Lubna?"

Ya ce, "Tana gidansu a Azizya, Yaya."

"Lafiya?"

"Lafiya."

Ban ƙara ba. Ni na raine shi bayan rasuwar Inna, na san yadda bakinsa ke karkacewa idan yana ƙarya.

Kayan da ya sauke: akwatinsa, ledar kantin baƙala mai kayan yarinyar, da wata doguwar jakar fata da ta kusa kai ni tsawo. Ledar a bakin ƙofa ya yar da ita. Jakar kuwa rungumo ta ya yi kamar mara lafiya, ya jingina ta a inda Baba ke jingina sandarsa. Sandunan golf ne. Kowace da 'yar hularta ta ulu, wai kada kanta ya ƙuje. Yarinyar ba ta da hula. A ledar na sami riguna biyu da takalmi ƙafa ɗaya.

Lahadi, 2 ga Muharram, kafin in fita makaranta

Ya ce hutu aka ba shi. Hutun da mutum ke tattaro har agogon bangon ofis.

Litinin, 3 ga Muharram, bayan Magariba

Tarho ya yi ta ƙara tun Azahar. Duk sanda na miƙa hannu sai ya ce, "Bar shi, Yaya." A gidan ubana, tarhon da ni nake amfani da shi. Da na gaji na ɗauka. Abdulrauf ne, yayan Lubna. Ya gaishe ni a mutunce, ya ce a haɗa shi da Fahad. Fahad ya zare wayar daga bango.

Ya ce, "Ba wanda zai karɓe min 'ya."

Na ce, "Wa ya ba ka ita da farko?"

Daga baya na tsinci bayanin a bakin Ƙaltume maƙwabciya, wadda labari ke riga mai shi isowa gidanta. Wai zuwa ya yi gidan su Lubna ya ce zai kai yarinyar ta sayo alawa. Daga sayen alawa sai Ƙurban.

Nadiya ba ta cika shekara uku ba. Kalma biyu take maimaitawa, da Larabci irin na uwarta: "Abga Mama." Ina son Mama. Tana faɗa ba kuka ba ihu, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Laraba, 5 ga Muharram, da hantsi, a ɗakin malamai

Jiya na ce ya bar mini ita da yamma ya je ya sha iska, tunda na ga yana ta shafa jakar nan kamar mai jin ƙaiƙayi. Ya dube ni ya ce, "A'a. Inda na sa ƙafa nan za ta sa."

"Ko ni ba ka yarda da ni ba?"

"Ku mata bakinku ɗaya."

Ni da na goye shi har bayana ya yi kanta. Ni da na ƙi auren Jidda saboda babu mai kula da shi. Yau ni ce "ku mata".

To da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa sayen burodin tamis da safe, da ita yake zuwa aski. Ko banɗaki ya shiga sai ya bar ƙofa a buɗe yana kiran sunanta.

Alhamis, 6 ga Muharram, bayan Azahar

Ya samo mafita, injiniya.

Yana da wani keke mai taya biyu da ake ɗora jakar sandunan a kai ana ja. Ya kai shi warsha wajen mai walda, aka liƙa masa kujerar yara irin ta bayan keken hawa, da bel na ɗaure ciki, da wani bututu da ake soka lema a ciki. Ya shigo da shi tsakar gida yana murmushi, murmushin farko tun zuwansa.

"Yaya, dubi. Ko a Amurka ba su yi tunanin wannan ba."

Na duba. Ga wurin gorar ruwa. Ga aljihun biskit. Ga wata 'yar sanda ta roba mai launin ruwan hoda da ya saya mata, wai ta fara koyo. Ga ƙwallaye jajaye, don farare ɓata suke a cikin yashi. Ga safar hannu ta fata, ƙwaya ɗaya tak, na ce ina 'yar'uwarta, ya ce haka ake sawa. Sai abin da ya fi ba ni dariya: wani guntun ciyawar roba, bai fi faifai ba. Da shi ake yawo. Duk inda ƙwallo ta faɗi a ƙasa sai a ɗauke ta a ɗora a kansa a buga. Mutum yana yawo da lambunsa a hammata.

Na ce, "Takalmin yarinyar fa? Har yau ƙafa ɗaya ne."

Ya ce ai a zaune za ta kasance.

Asabar, 8 ga Muharram, da yamma

Sun fita bayan La'asar, sun dawo ana kiran Magariba. Gashinta ya yi fari da ƙura.

Litinin, 10 ga Muharram, bayan shan ruwa

Ashura. Kawu Maigandi ya zo sulhu, da azumi a bakinsa da sabuwar jallabiya. Shi ne babba a danginmu yanzu, sai dai babbansa a shekaru ya tsaya. Ya zauna, ya ce aure haƙuri ne, ya ce mace ta san girman miji, ya ce namiji kuma ya riƙa tauna fushinsa. Da ya zo nan sai ya kalli darduma. Fahad ma ya kalli darduma. Ni na kalle su su biyu.

Na ce, "Kawu, maganar yarinya fa? 'Yar wannan shekarun wajen uwarta take, ko liman aka tambaya, ko alƙali."

Ya ce, "Murja, a bi a hankali."

Sai idonsa ya faɗa kan jakar. Ya ce wannan fa? Kafin in ɗebo ruwan alwala sun fita tsakar gida, Fahad yana nuna masa yadda ake riƙe sanda, yatsa a kan yatsa. Dattijo mai jikoki ya naɗe jallabiya, ya buɗe ƙafafu, ya kai duka. Ya fasa mini tukunyar na'ana'a.

Ya sha ruwa da dabino da miyar hatsi, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi. Sulhu ya ƙare.

Talata, 11 ga Muharram, da safe

Abga Mama.

Alhamis, 13 ga Muharram, bayan Isha'i

Yau na bi su. Na ce ina son in ga wasan nan da ya fi cin abinci. Ya ji daɗi, wawa, ya ɗauka sha'awa ce.

Wani fili ne a bayan Ranuna, inda gidaje suka ƙare duwatsun nan baƙaƙe suka fara. Babu bishiya ko ɗaya. Tsofaffin tayoyi, buhunan siminti da suka daskare, da wata akuya da ba ta da mai ita. A nan ya haƙa ramuka ya binne gwangwanayen madara, ya kafa tsinke da tsumma a bakin kowanne. Wannan ne filin golf na Madina, kuma shi ne shugabansa, shi ne ɗan wasansa, shi ne 'yan kallonsa.

Ya ɗaure Nadiya a kujera, ya buɗe lema, ya ba ta biskit da sandarta ta roba. Ya shimfiɗa ciyawarsa. Ya tsaya a kan ƙwallo yana karkaɗa ƙugu kamar kazar da za ta yi ƙwai. Yarinyar ta ce, "Baba."

Ya ce, "Uskuti." Yi shiru. Wai wasan ba ya son surutu.

Ta yi shiru. Abin da ya tsaya mini ke nan. Ta saba. Ya buga, ya ja keken, tayoyin suna tsalle a kan tsakuwa, kanta yana rangaji, lemar tana karkata rana tana dukan gefen fuskarta. Ya tsaya, ya shimfiɗa, ya buga, ya ja.

Na tambaye shi amfanin wannan wahala. Ya ce akwai gasar kamfani a wata mai zuwa, manyan Turawa duk suna bugawa, mudir, shugaban kamfanin, da kansa yana zuwa. Idan ya yi abin kirki a gabansu za a tuna da shi.

"A tuna da kai? Ba hutu kake ba?"

Ya buga ƙwallo ta shige cikin duwatsu.

Turawan da yake son su gan shi ko shingen garin nan ba su isa su tsallako ba, tunda ba Musulmi ba ne. Shi kaɗai yake ta gaisawa da su a cikin kansa.

A hanyar dawowa na ji wani ɗan sauti a ƙirjinta, siriri, kamar iska a ƙofar da ba ta rufu ba. Na ce masa. Ya ƙara muryar rediyo.

Lahadi, 16 ga Muharram, bayan Azahar

Lubna ta zo makaranta.

Ban taɓa sonta ba, kuma ba yau zan fara ƙarya a kan haka ba. Yarinyar da in ka yi mata Hausa ta amsa da Larabci tana ɗaga hanci, alhali kakarta daga Damagaram ta taho a ƙafa. Ranar ɗaurin aurensu ta ce tuwona yana da nauyi.

Mai gadi ya ce wata na nemana. Na same ta a ɗakin baƙi. Ta rame har abayar ta yi mata yawa. Ta ɗaga niƙabi don ta gaishe ni.

Ba zan rubuta abin da na gani a gefen haɓarta ba. Ya fara washewa, ya koma ruwan ɗorawa.

Da Hausa ta yi mini magana, Hausar da ke tuntuɓe a kowace kalma. Ta ce, "Yaya Murja, tana ci abinci?"

Na ce tana ci.

"Tana barci?"

"Tana yi."

Ta ciro wata 'yar jaka ta miƙo mini. Abin shaƙa ne na ƙirji, da kwalbar magani, da ɗayan takalmin. Ta ce ƙura ba ta yi wa Nadiya daɗi, tun tana jaririya. Ta ce Fahad ya sani.

Na ce, "Me ya hana ku zuwa mahkama?"

Ta ce Abdulrauf yana so, babanta ya hana. Wai ba a kai surukai gaban alƙali, za a yi da su a unguwa. Maza dai. Wancan yana tsoron bakin unguwa, wannan yana buga ƙwallo a gwangwani.

Ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa da na sami abin da zan yi fushi a kai. Ta sauke niƙabinta ta tafi, na koma aji na koyar da rabawa, na yi kuskure a allo har wata yarinya ta gyara mini.

Litinin, 17 ga Muharram, da safe

Na sa wa Nadiya takalmanta biyu. Ya kalli ƙafafunta ya daɗe. Bai tambaya ba, ban faɗa ba.

Talata, 18 ga Muharram, bayan La'asar

An yi iska yau, sama ta yi ja. Na ce kada ya fita da ita. Ya ce iska ma darasi ce, ɗan wasa na gaske yana koyon bugu a cikinta. Ya ɗaura mata hankicinsa a hanci.

Ya sayo wa keken sabon abu: ƙaramar fanka mai batir, ya ɗaure ta a jikin lema. Fanka a cikin guguwa.

Laraba, 19 ga Muharram, bayan La'asar

Jiya ba su kai Magariba ba. Ya shigo da gudu da ita a kafaɗa, leɓɓanta sun canja launi, tana jan numfashi kamar ana zare shi da igiya. Ya tsaya a tsakar gida yana juyawa yana cewa, "Yaya, Yaya." Babban mutum, mai gemu.

Na ɗauko abin shaƙar daga ƙarƙashin katifata. Ya gan shi, ya san daga inda ya fito. Muka je asibitin unguwa aka sa mata tururi ta dawo daidai. Likitar ta tambayi inda yarinyar ta yini. Ya ce a gida. Na buɗe baki, ya taka mini ƙafa.

A mota ya ce, "Kin gana da ita."

Na ce, "Da ban gana da ita ba da yanzu wani zancen ake."

"A bayan idona."

"Idonka yana kan ƙwallo."

Da muka iso gida abin da ya fara yi shi ne komawa Ranuna. Ya bar keken da sandunan a fili lokacin da ya gudo, hankalinsa bai kwanta ba sai da ya kwaso su. Ya tafi da ita a kujerar baya, tana barci, don kada ya bar ta da ni. Da ya dawo ya zauna yana goge sandunan ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori.

Alhamis, 20 ga Muharram, da hantsi

Zazzaɓi. Ta daina cewa abga Mama. Ta daina cewa komai.

Juma'a, 21 ga Muharram, bayan sallar Juma'a

Bai je masallaci ba. Ya mayar da wayar tarho bango don yana jiran kira daga Yanbu, kiran ya zo. Gobe da safe suna son ganinsa a kamfani. Na ji yana ta "hadir, hadir", wato "to, ranka ya daɗe", yana sunkuyawa, kamar mai maganar yana ganinsa.

Ba zai iya shiga ofishin mudir da yarinya mai zazzaɓi a kafaɗa ba. Ya yi ta zagaye majalisi. Can ya ɗauko Alƙur'anin Baba ya ajiye a gabana.

"Ki rantse ba za ki ba su ita ba."

Na ce, "Ɗauke shi daga nan. Ko alwala ba ka da ita."

"Yaya, ki rantse."

"Ni na koya maka Fatiha. Ba zan rantse maka ba."

Ya mayar da shi inda ya ɗauko shi. Ya ɗauka ya ci rabin nasara tunda ban ce zan bayar ba.

Asabar, 22 ga Muharram, da Azahar

Ya fita bayan Asuba. Na ji ƙarar mukulli sau biyu daga waje. Kulle ni ya yi. A gidan da aka haife ni, aka haife shi ina tsaye a bakin ƙofa da butar ruwan zafi. Bai taɓa tambayar kansa yadda nake shiga gidan nan kullum in na dawo daga makaranta ba. Mukullina yana cikin jakata.

Na kira makaranta na ce ba ni da lafiya. Na kira Azizya. Lubna ce ta ɗauka tun ƙarar farko. Na ce, "Masallacin Ƙuba, ɓangaren mata. Ki zo ke da Abdulrauf, amma shi ya tsaya a mota. Ba na son ganin namiji yau."

Na yi wa Nadiya wanka da ruwan ɗumi, na taje mata kai, na ba ta magani. Ba zan iya saɓa ta har Ƙuba ba, bayana ba na da ba ne. Sai na sauke jakar sandunan daga keken na yar a tsakar gida, na ɗora ta a kujerar, na ɗaure bel, na buɗe lema.

Haka na bi titin Ƙurban, malamar makaranta, cikin abaya, ina jan keken golf. Ƙaltume ta leƙo ta taga, na ce mata ta koma ciki kafin wuyanta ya ƙage. Gaskiya ɗaya zan faɗa: mai waldan ya iya aiki, keken ba ya ko girgiza a kan kwalta.

Lubna tana zaune a jikin ginshiƙi. Yarinyar ta gan ta, ba ta yi gudu ba, ba ta yi kira ba. Ta miƙa hannu biyu kawai tana jan bel ɗin. Lubna ta kasa kwance shi, ni na kwance.

Ta ce, "Yaya Murja, me zai yi miki?"

Na ce, "Tafi da 'yarki. Cokali ɗaya bayan Azahar, ɗaya in za ta kwanta."

Na yi raka'a biyu na jawo keken na dawo.

Asabar, bayan Isha'i

Ya iso ana sallar Magariba. Daga yadda ya rufe ƙofar mota na san Yanbu ba ta tuna da shi ba. Ya ga jakarsa a ƙasa, sanduna sun zube. Ya ga keken. Ya shiga ɗakina, ya shiga kicin, ya hau soro, ya sauko.

"Ina take?"

"Wajen uwarta."

Ina tsaye ina zuba shinkafa. Ya matso. Na ga hannunsa ya tashi, na ga yadda yake tashi, ba hannun da yau ya fara ba ne.

Na ajiye ludayi na ce, "Ni ba Lubna ba ce, Fahad."

Hannun ya tsaya a sama kamar ba nasa ba. Sannan ya sauka. Ya zauna a ƙasan kicin, a jikin buhun shinkafa, ya daɗe. Can ya ce, "Zazzaɓin ya sauka?"

Na ce ya sauka.

Na zuba masa abinci na tura gabansa. Bai ci ba. Ni na ci nawa, duk da ban ji ɗanɗanonsa ba.

Lahadi, 23 ga Muharram, da safe

Kawu Maigandi ya bugo ya ce na yi gaggawa, da na bari manya sun zauna. Na ce ya biya ni tukunyata.

Litinin, 24 ga Muharram, bayan La'asar

Lubna ta kira. Yarinyar ta ci waken ful da safe, ta zubar da shayi a kan darduma, ta ciji ɗan Abdulrauf. Alhamdu lillahi.

Shi kuwa tun shekaranjiya bai fito daga majalisi ba sai yanzu. Ya tsince sandunansa, ya sa wa kowace hularta, ya ɗora jakar a keken. Bai cire kujerar ba. Ya naɗe lemar, ya ɗaure bel ɗin a kan babu kowa don kada ya riƙa lilo. Ina zaune a bakin zaure ina duba takardun 'yan aji huɗu, ƙafata ta tare hanya.

Ya ce, "Murja, matsa."

Sunana haka tsirara. Tun da ya iya magana bai taɓa ba.

Na matsa.